Ciwon da aka yi wata bakwai ana ce masa taifot

Wannan labarin wani manomi ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan fadamar Haɗeja, magidanci mai shekara 46, da mata ɗaya da 'ya'ya bakwai, mahaifiyarsa ma tana gidansa. Shi ya yarda a ba da labarin, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko garinsu, don ya ce ya san akwai irinsa da yawa kwance a ɗaka ana ta ɗura musu maganin taifot, alhali ciwon damuwa ne ke damunsu. Duk mai aikin lafiya a karkara ya san gaskiya ya faɗa.

Ƙanensa ne ya kawo shi asibiti a kan babur, kwana kaɗan bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar zafin bazara. Ko gaisuwa ba a gama ba ƙanen ya zazzage baƙar leda a kan tebur: kwalayen maganin maleriya huɗu, maganin taifot kala uku, kwalbar maganin ƙarin jini, katin tiramol da aka ɓalle rabinsa, da ƙullin garin magani na gargajiya. Ya ce, "Likita, wata bakwai ke nan. An yi wa Yaya ƙarin ruwa sau uku, an yi allurai, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Taifot ɗin nan ya ƙi fita."

Shi kuwa yana zaune a bakin benci, hula a hannu, ido a ƙasa. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya. Da aka tambaye shi me yake ji, sai da ya daɗe kafin ya ce, "Jikina ne ya mutu. Kaina yana zafi, wani abu yana yi mini yawo a jiki, ƙirjina kamar an ɗora dutse."

An sa masa ma'aunin zafin jiki, ya nuna digiri 36.8, lafiya lau. Ƙanen ma ya tabbatar cewa a duk watannin nan ba a taɓa jin jikinsa ya yi zafin zazzaɓi sosai ba. A nan ne zancen taifot ya fara rushewa. Taifot cuta ce mai zazzaɓi da ke hauhawa kwana bayan kwana, ba ta zama wata bakwai a jikin mutum ba zazzaɓi. Gwajin jinin da ake yawan yi mata a ƙananan ɗakunan gwaji kuma yakan nuna "akwai" ga mutanen da suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya, kuma a yankunanmu irin waɗannan mutane suna da yawa. Sai ka ga ana ta kashe kuɗi ana yaƙi da cutar da ba ta nan.

Asalin abin ya faro ne a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, irin su Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja. Shinkafarsa ta yi ciki, saura ƙiris ta fitar da kai, ruwa ya hau ta ya kwanta makonni. Katangar gidansa ta zube. Ga bashin taki buhu takwas da maganin feshi da ya karɓa da alkawarin biya in an yi girbi. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, kusan duk garin kowa ya yi asara, kowa ya yi baƙin ciki. Amma da ruwa ya janye, maƙwabtansa suka kakkaɓe jiki suka shiga noman rani, wannan albasa, wancan tumatir, wani alkama. Shi injin ban ruwansa yana zaure har ƙura ta rufe shi.

A nan bambancin yake. Baƙin ciki na asara yana zuwa yana lafawa, mutum yana cikinsa amma jikansa ya yi abin dariya ya yi murmushi, a kawo tuwo ya ci. Ciwon damuwa kuwa zama yake yi daram, kusan duk yini, kusan kowace rana, aƙalla mako biyu a jere, ya kuma hana mutum ayyukan da ya saba. Alamarsa ta tushe guda biyu ce: ƙuncin zuciya da ba ya yayewa, da gushewar sha'awar abin da a da ake jin daɗinsa. Sauran suna biyo baya: lalacewar barci, rashin cin abinci ko cinsa fiye da kima, kasala, kasa tattara hankali, sanyin jiki wajen magana da motsi ko kuma kasa zama wuri ɗaya, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 5 cikin kowane manya 100 suna fama da shi, kuma ya fi yawa ga mata. Bahaushe dai da wuya ya zo asibiti ya ce zuciyarsa ce ba daɗi, musamman namiji. Da jiki yake kawo ƙara: ciwon kai, zafin ƙirji, mutuwar jiki, abu mai yawo. Wanda bai san hanyar tambaya ba, maganin maleriya zai rubuta.

Akwai takardar tambayoyi tara da ake amfani da ita. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, gwargwadon yawan kwanakin da mutum ya ji abin a mako biyun da suka wuce, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi ne, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani ne. An karanta masa su da Hausa ɗaya bayan ɗaya, ya samu 19. Barci yakan ɗauke shi bayan isha'i, amma ƙarfe biyun dare ido ya buɗe, shi ke nan sai lissafin bashi har kiran assalatu. Safiya ita ce mafi muni gare shi, da yamma yakan ɗan ji sassauci. Wannan farkawar tsakar dare da nauyin safiya sanannun alamu ne na ciwon in ya yi ƙarfi.

Tambaya ta tara ita ce ta tunanin mutuwa. An nemi ƙanen ya ɗan ba da wuri, aka tambaye shi kai tsaye, da murya ƙasa-ƙasa: "Malam, ka taɓa jin gara a ce ba ka duniyar? Ka taɓa tunanin yi wa kanka illa?" Ya yi shiru, hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Ina tsoron Allah, likita. Amma nakan roƙi Allah in na kwanta kada in tashi." Mutane da yawa suna tsoron yin wannan tambaya, wai kada a sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Ba haka ba ne. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauke wa mutum kaya take yi, don sau da yawa ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai cikin kunya. Da izininsa aka gaya wa ƙanen. A ranar aka kwashe duk maganin feshi, maganin ɓera da ƙwayoyin da ake sa wa hatsi a rumbu, aka kai gidan ƙanen aka kulle a akwati. Wannan mataki ba ƙarami ba ne. Irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa, in babu abin cutarwa a kusa a wannan ɗan lokacin, rai ya tsira. Da ya ce ya shirya yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa, da a ranar za a wuce da shi babban asibiti, ba a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya ba.

Kafin a ce ciwon damuwa ne kaɗai, sai an duba jiki, don akwai cututtukan da ke yin kama da shi ko su ƙara masa nauyi. An auna hawan jini da suga, an yi gwajin ƙanjamau, an tambayi tari saboda tarin fuka, an shafa wuyansa a ji ko akwai maƙoƙo, don ƙwayar da ke gaban maƙogwaro in ta yi sanyin aiki tana kawo kasala da ƙunci. Duk lafiya. Jininsa ne aka samu ya yi ƙasa, 11 da ɗoriya, alhali namiji baligi bai kamata ya gaza 13 ba. Gwajin fitsari ya nuna tsargiya, wadda ta zama ruwan dare ga masu aiki a ruwan fadama, tana zubar da jini kaɗan-kaɗan ba a sani ba. An ba shi maganinta da ƙwayar ƙarin jini. Sai wata tambaya da ba a tsallakewa, aka yi wa ƙanen: ko Yayansa ya taɓa yin wasu kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana zuba magana, yana rabon kuɗi, yana ji kamar ya fi kowa? Ya ce bai taɓa ba. Dalilin tambayar shi ne, mai irin wancan ciwon na hawa da sauka in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya birkicewa. Nasa maganin daban ne.

Da makinsa ya kai haka, aka tura shi ga likita a babban asibiti. Nan ne aka sha fama da gida. Mahaifiyarsa, wadda ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, ta ce, "Yaron nan ba mahaukaci ba ne. Jifa aka yi masa saboda gonarsa ta fi ta kowa kyau." Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a kai shi gidan mari. Ƙanen ne ya tsaya kai da fata ya hana, kuma ya yi daidai. Ɗaure mai ciwon damuwa da sarƙa ƙara masa tabbacin abin da ciwon ke raɗa masa ne, cewa shi ba kowa ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta irin wannan ɗauri. Wurin zuwa kuma akwai shi: asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, na Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma yawancin masu ciwon damuwa ba sa bukatar kwanciya a ko'ina, a gida ake jinyarsu.

Limamin unguwarsu ya taimaka ƙwarai, kuma ya cancanci a faɗa. Da ma abin da ya fi ci wa mutumin nan rai shi ne maganar da ake yi masa ta rashin tawakkali: "Kai kaɗai ruwa ya ci wa gona?" Har ya yarda imaninsa ne ya yi rauni, tunda ko salla ba ya jin daɗinta. Liman ya zo har ɗaki ya zauna a bakin tabarmarsa, ya tuna masa Annabi Yakubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, da shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har aka kira ta shekarar baƙin ciki. Ya karanta masa hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Ya ce wa tsohuwar, "Inna, addu'a ba za mu fasa ba, asibiti ma ba za mu fasa ba." Malaman Musulunci ma sun daɗe da sanin wannan ciwo. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili da ƙuncin da ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana bukatar magani.

Likita ya rubuta masa fulokzetin, miligiram 20, ƙwaya ɗaya kowace safiya bayan karin kumallo. Akwai wani maganin mai araha da ake yawan samu, amitiriftilin, wanda ake sha da dare ana farawa da miligiram 25, yana kuma taimaka wa barci. Ba a zaɓe shi ba saboda yana da haɗari sosai in aka sha fiye da kima, ba a son ajiye shi kusa da mai tunanin mutuwa, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. An ce ƙanen ya riƙe maganin, ya riƙa kawo na mako ɗaya-ɗaya. An kuma yi masa bayani dalla-dalla. Makon farko yana iya jin tashin zuciya, ciwon kai ko ɗan rashin natsuwa, yawanci suna wucewa. Amfanin maganin ba ya bayyana sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, ba kamar farasitamol ba ne da za a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Ba ya bugarwa, ba kuma irin ƙwayar da ake kamuwa da jarabarta ba ne. Makonnin farko su ne na sa ido sosai, don ƙarfin jiki yakan riga hasken zuciya dawowa. Tiramol kuwa dole a bar shi, domin haɗa shi da fulokzetin yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, zazzaɓi da ruɗewa. Shi jefi-jefi yake sha, don haka barinsa bai yi wuya ba. Wanda ya daɗe yana sha kullum, sai a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Haka nan kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, da ƙwayoyin barci na kemis: suna kwantar da mutum yau, gobe su ƙara nutsar da shi.

Magani rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne sake gina yinin mutum, kuma mai ciwo mara tsanani sau da yawa wannan rabin kaɗai, tare da zaman tattaunawa, ya ishe shi ba sai an kai ga ƙwaya ba. Ciwon damuwa yana da tarko: mutum ba ya jin son yin komai sai ya kwanta, kwanciyar ta raba shi da duk abin da ke faranta masa rai, ƙuncin ya ƙaru, ya ƙara kwanciya. In aka ce a jira sai sha'awa ta dawo sannan ya tashi, ba za ta dawo ba. Aiki ne ke gaba, sha'awa ta biyo sawu. Amma aikin sai an yanka shi ƙanana sosai, yadda ko a ranar da ta fi muni zai iya.

Da barci aka fara. Lokacin tashi ɗaya ne kullum, asuba, ko da daren bai yi barcin kirki ba, kuma ba komawa shimfiɗa bayan salla. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma kafin la'asar. Sai goro. Mutumin nan yakan ci goro huɗu ko biyar a yini, na ƙarshe bayan magariba, ga shayi mai kauri da dare. Sinadarin da ke cikin goro da shayi yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato goron magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Ba a hana shi gaba ɗaya ba, don yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai, aka ce biyu a yini, na ƙarshe kafin azahar. In ya farka cikin dare ya ga kamar minti 20 barci bai dawo ba, ya tashi daga shimfiɗar ya zauna a tabarma da carbinsa, ba rediyo ba waya, sai ya ji gyangyaɗi ya koma. Dalili shi ne kada jiki ya saba cewa shimfiɗa wurin lissafin bashi ce. An koya masa numfashi na kwantar da ƙirji: ya sa hannu a ciki, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga uku har cikin ya taso, ya fitar a hankali yana ƙirga uku, na minti biyu zuwa biyar. Uwargidansa ta ɗaura masa gidan sauro a tsakar gida, don ɗakin kwano a bazara ba ya barin kowa barci.

Sai tafiya. Wani zai ce manomi me zai yi da motsa jiki, amma wannan manomin ya yi wata bakwai a kwance, cinyoyinsa sun saki. An fara da minti goma bayan gari ya waye, daga ƙofar gida zuwa wata tsamiya a bakin gari, shi da ƙanensa. Duk bayan kwana uku a ƙara minti biyar, har ya kai minti 30, kwana biyar a mako, jimla minti 150 da ake so baligi ya samu. Saurin tafiyar kuwa, yadda zai iya hira amma ba zai iya rera karatu ba. An zaɓi safiya da gangan, don hasken hantsi yana saita wa jiki lokacin barci da na farkawa. Kuskuren da aka yi a mako na biyu shi ne, ƙanen ya ga Yayansa ya ɗan warware sai ya ja shi gona suka yini suna sharar fili. Ya dawo a galabaice, ya yi kwana uku bai fita ba, yana cewa ai da ma ya san ba zai iya ba. Aka koma minti goma aka sake hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci kuma ba a nemi abin da babu a garin ba. An ce uwargida ta daina jiran sai ya ce yana jin yunwa, ta riƙa kawowa a kan lokaci sau uku, kaɗan-kaɗan, kuma ya ci cikin mutane, ba a tura masa kwano ɗaki ba. Koko da ƙosai ko ƙwai da safe, wake ko ɗanwake da rana, tuwo da miyar kuka ko zogale da ɗan kifi da dare, fura da nono, gyaɗa, riɗi, hanta in an samu ranar kasuwa. Saboda ƙarancin jini, aka ce a matsa lemun tsami a kwaɗon zogale ko a haɗa da tumatir ɗanye, don yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi kuma a raba shi da abinci da ƙwayar ƙarin jini da aƙalla awa ɗaya, don yana hana tsotsar. Babu wani abinci da ke warkar da ciwon damuwa shi kaɗai, duk mai tallan garin magani ko kwalba da ya ce nasa yana yi, kuɗinka yake so. Amma jikin da ba jini ba abinci ba ya iya ɗaukar jinya.

Komawa cikin mutane ta fi komai yi masa wuya, saboda kunyar bashi. Ya daina zuwa masallaci ne don kada ya haɗu da mai takin. Aka fara da salla ɗaya a jam'i, magariba, lokacin da jikinsa ya fi sauƙi. Bayan mako guda aka ƙara isha'i. Sannan zama a majalisa na kwata ɗaya, ba dole ya yi magana ba. An roƙi abokansa su bar yi masa wa'azin haƙuri da tambayar "yaya jiki" sau goma, su yi hirarsu ta farashin taki da ta kasuwar Gujungu kamar yadda suka saba. Uwargida ma an zauna da ita, don ta gaji, ta kuma fara zargin ko ya daina sonta ne. Da ta fahimci ciwo ne, sai ta ce, "Ashe Malam ba fushi yake da ni ba." Mai jinya ma yana bukatar hutu da wanda zai saurare shi. Kuma tunda zancen mata ya zo: fiye da mace ɗaya cikin goma na samun wannan ciwo a lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa. Mai jegon da ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, ba ta jin ɗan a ranta, ba sangarta ba ce, a kai ta asibiti.

Bashin kansa sai da aka tunkare shi, don ba a yi wa bashi maganin ƙwaya. An ɗauki takarda aka rubuta duk abin da ke hana shi barci, aka samu guda shida. Aka raba su biyu: waɗanda ke hannunsa da waɗanda ba sa hannunsa. Ko ruwa zai sake zuwa, wannan na Allah ne. Bashin taki, katanga, da irin shukar bana, waɗannan ana iya taɓa su. Aka ɗauki ɗaya tak, bashin, aka jera hanyoyi har da waɗanda ba su da daɗi: sayar da injin ban ruwa, jinginar da gona, sayar da tumaki biyu, neman a ɗaga masa. Ya zaɓi ya sayar da tunkiya ɗaya ya kai wani abu a hannu, ya nemi a raba sauran kashi biyu, kaka da girbin rani. Aka sa rana da lokaci da wanda zai raka shi: Juma'a bayan an sauko, shi da ƙanensa da liman. Liman ya karanta ayar da ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Mai takin ya amince, har ya ce da ma shirun ne ya ɓata masa rai. Wata bakwai mutumin nan yana gudun zaman da bai kai rabin awa ba.

A mako na shida makinsa ya sauko 11, a na goma ya koma 5. Ya shuka gero a tudu, ya dasa shinkafa a rabin fadamar. Sai kuma aka yi kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan jinya: ya daina shan magani bai gaya wa kowa ba. Dalili biyu ne, daga baya ya faɗa. Na farko ya ji ya warke. Na biyu, wanda kunya ta hana shi faɗa da wuri, maganin ya rage masa sha'awar iyali. Wannan sanannen abu ne ga irin wannan magani, yana kuma gushewa in an daina, kuma da ya faɗa da likita ya duba yadda zai daidaita masa ko ya canza wani. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, ya kamata a ce tun farko an gaya masa, an kuma riƙa tambayarsa a keɓe.

Fulokzetin yana daɗewa a jiki kafin ya fita, don haka makonnin farko bai ga wani canji ba, ya ƙara sakankancewa. Sai wajen wata biyu, daidai lokacin da kogi ya cika ana ta zancen ruwa, farkawar ƙarfe biyu ta dawo. Ya bar majalisa, ya bar tafiyar safe. Uwargida ce ta fara ganewa, ta aika a kira ƙanen. Makinsa ya koma 16. Aka mayar da shi kan magani, aka sake bin matakan nan tun daga tsamiya, wannan karon cikin sauri don hanya sananniya ce. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da shan maganin wata tara zuwa goma sha biyu bayan alamun sun gushe, domin jin sauƙi yana riga warkewa zuwa, wanda ya yanke da wuri kuma ciwon ya fi saurin dawo masa. Da azumi ya zo, an mayar da ƙwayar lokacin sahur, bai sha azumi ko ɗaya ba.

Lokacin dainawa ya so ya faɗo a tsakiyar damina, likita ya ce a'a, a bari sai an kai amfani gida, don ba a sauke wa mutum magani a lokacin da ya fi fargaba. Daminar 2024 ma ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, ya taɓa gefen gonarsa. Ya yi kwana biyu ba barcin kirki, amma yana cikin masu cika buhuna da yashi suna tare bakin jinga, a rana ta uku barci ya dawo. Bayan kaka aka rage maganin a hankali cikin mako huɗu, aka tsayar, aka sa masa ranar dawowa bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku.

Ya biya kashi na biyu na bashin da albasar rani. Akwai 'yar takarda da ƙanensa ya rubuta masa da ajami, yana naɗe ta a cikin hularsa, uwargida ma tana da irinta a ƙarƙashin kwanonta. Abu huɗu ne a ciki: farkawar tsakar dare kwana uku a jere, barin jam'i, barin kwano da tuwo, da roƙon kada a wayi gari. In biyu suka haɗu, ba jiran ranar kasuwa, a tayar da babur. In na huɗun ne, ko shi kaɗai, a ranar.